An ci shari'a a Jeniba, to wa ke karɓo haƙƙin?

MaiAlbasa_Galmi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya muna zaune tashar albasa nan Tawa, rediyo na magana kan OMC, ƙungiyar kasuwanci ta duniya da ke Jeniba. Wai kotunta ta ɗaukaka ƙara ta daina aiki tun 2019, har yanzu ana ta taro ba a gyara ba. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A ce kotun na nan lafiya lau, an yi shari'a, ƙasa kaza ta ci. Wa ke zuwa karɓo mata haƙƙinta? Mu nan in sarkin tasha ya yanke magana tsakanin dillali da mai kaya, wanda ya ƙi bi ya san gobe ba mai ɗora masa buhu ko ɗaya, kuma ba kamiyon da zai tsaya masa. Su can wa ke riƙe da wannan sandar? Masu ilimi a fahimtar da mu.

Direba_Kwanni: Amurka ke riƙe da ita Alhaji. A rufe magana 😂

Metir_Yamai: Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayarka ita ce ainihin wurin da ciwon yake. OMC ba ta da jandarma, ba ta da kaso, ba ta cin ƙasa tara. Ga yadda abin ke tafiya. Ƙasar da ta ga an cuce ta sai ta nemi a zauna a yi magana, kwana 60. In ba a daidaita ba, a naɗa kwamitin mutum 3 su saurari ƙarar. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka. In hukunci ya tabbata, a ba wadda ta faɗi lokaci ta gyara dokarta, galibi ba ya wuce wata 15. In ta ƙi, sai a ba wadda ta ci izinin ramawa, wato ta ƙara kuɗin duwan a kan kayan waccan daidai gwargwadon asarar da ake ja mata. Iyakar sandar ke nan. Kuma asarar da aka yi a shekarun da ake shari'ar ba mai biyan ta, daga ƙarewar lokacin da aka bayar na gyara zuwa gaba ake lissafi.

MaiAlbasa_Galmi: Metir, wato ni aka cuta, ni kuma za a ce in je in rama da hannuna?

Metir_Yamai: Haka yake Alhaji, sai dai da takardar izini a aljihu.

Tsohon_Duwan: Ni da na yi shekaru ina duba takardun kaya, bari in faɗa muku abin da wannan ramuwar take nufi a ƙasa irin tamu. A ce mun ci wata babbar ƙasa a shari'a, an ce mu ƙara duwan kan kayanta. Me muke saye wurinta? Magani, injin ban ruwa, kayan gyaran mota, shinkafa. In mun ƙara, wa zai biya? Mai shago a Katako, daga shi sai talakan da ya zo saye. Ita kuwa ko a jikinta, don abin da take sayar mana bai kai cikin cokali ba a lissafinta. Ka ɗauki sanda ka doki ƙafarka, ka ce ka rama.

Ɗalibi_Tattali: Baba ya yi gaskiya, kuma an taɓa gani. Antigwa da Barbuda, tsibirai ne a yankin Karibiyan, mutanensu wajen dubu 100. Sun kai Amurka ƙara a 2003 kan cacar intanet, suka ci. Sun nemi a ba su izinin ramuwar dala biliyan 3.4 a shekara, a 2007 aka yanke musu miliyan 21. Da aka ga ƙarin duwan ba zai yi musu komai ba, a 2013 aka ba su izinin su daina kare haƙƙin mallakar finafinai da waƙoƙin Amurka har su cike kuɗin. Ba su yi amfani da izinin ba. Wa zai tsokano Amurka alhali daga can masu yawon buɗe idonsa ke zuwa?

Hajiya_Kanti: Ɗana dala miliyan 21 ɗin wace dala? Don kar in lissafa da tamu ta sefa 5.

Ɗalibi_Tattali: Ta Amurka ce Hajiya 😅

Hajiya_Kanti: To duk da haka an raina musu wayo. Faɗan da ya fi ƙarfinka ai sai ka mai da shi wasa.

Injiniya_Arlit: Ban yarda a ce tsarin ba shi da amfani ba. Kuna ɗauko misalin da ya fi kowane muni. An shigar da ƙara sama da 600 tun da aka kafa ƙungiyar a 1995, da yawa ma ba su kai gaban kwamiti ba, a zaman farko aka sasanta. Kuma mafi yawan waɗanda suka faɗi sun gyara dokokinsu, har ita Amurkar da Tarayyar Turai, ko da jan ƙafa ne. Dalili, kowa yau wanda ake ƙara ne, gobe shi ne mai ƙara. In ka ƙi bin hukunci yau, da wane baki za ka nemi a bi naka gobe? Wannan ma sanda ce, ko da ba a ganin ta.

Direba_Kwanni: Injiniya kunya kake nufi. Manyan ƙasashe sun san kunya?

Metir_Yamai: Injiniya na da hujja, amma a duba shari'ar auduga, don ta shafi maƙwabtanmu kai tsaye. Burazil ta kai Amurka ƙara a 2002 kan tallafin da take ba manomanta na auduga, wanda ke karya farashi a duniya. Benin da Cadi sun shiga a matsayin masu ruwa da tsaki, ba masu ƙara ba. A 2003 kuma Benin, Burkina, Mali da Cadi suka haɗa kai suka kai kukan audugar taron OMC na Kankun. Burazil ta ci a 2004, ta sake ci a ɗaukaka ƙara a 2005. Amurka ta ɗan taɓa nan ta taɓa can. A 2009 aka ba Burazil izinin ramuwar wajen dala miliyan 830, har da damar taɓa haƙƙin mallakar magunguna. Nan ne fa hankalin Washinton ya tashi. Kun san yadda aka ƙare? Daga 2010 Amurka ta riƙa biyan dala miliyan 147 kowace shekara ga wata cibiyar manoman audugar Burazil, a 2014 ta ba da miliyan 300 aka rufe fayil. Manomin Parakou da na Sikasso, waɗanda aka yi ta ambaton wahalarsu a cikin shari'ar, ba su aka biya ba.

Tsohon_Duwan: Wato an sayi bakin mai ƙara, an bar masu kuka.

Injiniya_Arlit: Amma kuma wannan ya nuna ƙasa mai tasowa na iya sa Amurka ta zaro kuɗi. Kafin 1995, zamanin GATT, yarjejeniyar kasuwancin da ta gabaci OMC, wadda ta faɗi na iya cewa ban yarda ba, hukuncin ya mutu nan take. Da aka kafa OMC aka juya abin, sai kowa da kowa ya ƙi hukuncin, har da wanda ya ci, kafin ya faɗi. Ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Metir_Yamai: Shi ne kuma abin da muka rasa yanzu. Kotun ɗaukaka ƙarar alƙalai 7 gare ta, 3 ke zama kan kowace ƙara. Amurka ta fara da hana sabunta wa wani alƙali ɗan Koriya ta Kudu wa'adi a 2016, zamanin Obama. Zamanin Trump ta toshe naɗin gaba ɗaya, Biden ya zo bai buɗe ba. A Disamba 2019 saura alƙali 1, aiki ya tsaya. Ga dabarar da ta fito: ka faɗi a kwamiti, sai ka ce ka ɗaukaka ƙara. Ƙa'ida ta ce hukunci ba ya aiki sai an saurari ɗaukakar, mai sauraro kuwa babu. Kamar ka jefa takarda a rijiyar da ba ruwa.

'YarMadawa: Don Allah me Amurka ta ce an yi mata? Ba ita ce kan gaba wajen kafa abin ba?

Ɗalibi_Tattali: Yaya, ƙorafinta shi ne alƙalan na wuce gona da iri. Ta ce ƙa'ida kwana 90 ta ba su amma suna zarcewa, waɗanda wa'adinsu ya ƙare suna ci gaba da zama kan ƙararrakin da suka fara, suna ɗaukar tsohon hukuncinsu kamar doka, kuma suna ƙara wa ƙasashe nauyin da ba su sa hannu a kai ba. Wasu ƙorafin akwai ƙamshin gaskiya. Amma da Sin, Norwe, Suwizalan da Turkiyya suka ci ta a Disamba 2022 kan harajin kashi 25 na ƙarfe da kashi 10 na sanholo da ta sa a 2018, cewa ta yi maganar tsaron ƙasa ce, ba wanda zai yi mata shari'a a kai. Sannan ta ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ita ta rufe.

Direba_Kwanni: Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Na faɗa muku tun farko.

Malam_Keita: Ku yi hankali da ɗora wa Amurka komai. Indunusiya ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020 don a riƙa sarrafa shi a gida, Turai ta kai ƙara ta ci a 2022, Indunusiya ta jefa a waccan rijiyar da Metir ya faɗa. Indiya ma haka ta yi kan sukari. Har a nahiyarmu: Tunisiya ta kai Maroko ƙara kan kaye na 'yan lakkwal, ta ci a 2021, Maroko ta ɗaukaka, shiru kake ji. Ƙofa in ta buɗe kowa bi yake. Ni kuma in gaya muku gaskiya, na Indunusiya bai ɓata mini rai ba. Mu da muka shekara sama da 50 ana kwashe ɗanyen arzikinmu, ina ruwanmu da dokar da ta ce dole ka sayar ɗanye?

Injiniya_Arlit: Malam, to kai ma ka zama Amurka ke nan. Hukuncin da ya yi maka daɗi a bi, wanda bai yi ba a jefa rijiya.

Malam_Keita: A'a, ni cewa nake dokar kanta a gyara ta, ba kotun kaɗai ba. Waɗanda suka rubuta ta a Marakesh a 1994 sun riga sun gina masana'antunsu da irin hanyoyin da suka haramta mana.

MaiAlbasa_Galmi: Jama'a kun tafi Indunusiya kun bar ni tasha. Ni bari in ba ku wanda ya faɗa kaina. Ƙarshen Yuli 2023 da CEDEAO ta sa muna takunkumi, ina da kaya kan hanya za su Kumasi. Albasar da munka adana cikin rudu tun watan huɗu, munka jira kuɗi su tashi, munka zuba buhu, munka biya lebura da kuɗin mota. Kamiyon ya kai Gaya ya tarar gada a rufe. Ga damina, ga zafi ƙarƙashin tamfol. Kwana 9 direba ya kira ni ya ce Alhaji ruwa ya fara ɗiga ƙarƙashin mota, ƙuda sun rufe mu. Da anka sauke, buhun da ka ɗaga sai ya zube maka a hannu kamar kunu. Abin da munka tsinta mai kyau munka sayar da shi nan bakin hanya a wulaƙance. Har yau ina biyan bashin wani bawan Allah da ya ba ni taki. To wanga haƙƙin wace kotu zan kai?

Hajiya_Kanti: Allah Ya mayar da alheri Alhaji. Mu ma lokacin magi da man girki sai da suka gagare mu sari.

Metir_Yamai: Amin. Alhaji a OMC dai ba ka da ƙofa, gwamnati ce kawai ke kai gwamnati. Nijar mamba ce tun 1996, ba ta taɓa shigar da ƙara ba. A duk jerin ƙasashe mafiya talauci, Bangaladash ce kaɗai ta taɓa yi, a 2004, kan baturan da Indiya ta sa wa haraji, kuma a zaman sulhu abin ya ƙare. Ba don ba a cutar mu ba ne. Lauyoyin irin wannan shari'ar tsada gare su, ana shekaru ana yi, kuma wanda za ka kai ƙara sau da yawa shi ne mai ba ka tallafi. Akwai wata cibiya a Jeniba da aka buɗe a 2001 mai ba ƙasashe irin namu shawara kyauta da lauya a rahusa, amma sai gwamnati ta tashi ta nema.

Transitaire_Gaya: Ku bar Jeniba ku dubi gida. Ranar 7 ga Yuli 2019 nan Yamai aka yi babban taron ZLECAf, yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, aka gyara birni, aka buɗe sabbin otel, Buhari ya zo da kansa ya sa hannu. Watan Agusta Najeriya ta rufe iyakokinta saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. Tawada ba ta bushe ba. Sai Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Wata 16! Yarjejeniyar CEDEAO ta zirga-zirgar kaya na nan a rubuce. Wace ƙasa ta kai Najeriya ƙara a OMC? Babu. Kowa lallashi ya yi ta yi.

Direba_Kwanni: Wannan ni na sha shi. Kwanni ta zama kamar an yi mutuwa, masu baro da masu tuwo-tuwo duk suka watse. Amma 'yan kabu-kabu ta cikin gonaki sun yi kuɗi lokacin, kar a manta.

'YarMadawa: To mu fa? Takunkumi an ɗage shi tun Fabrairu 2024, mu muka bar gadar Gaya a rufe. A 2024 aka hana fitar da hatsi sai Mali da Burkina, a 2025 gab da Layya aka hana fitar da dabbobi. Mijin ƙanwata rago 14 ya yi kiwo don kasuwar waje, a nan ya karyar da su. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malam_Keita: Hajiya hana fitar da abinci lokacin ƙaranci ita kanta dokar GATT ta yarda da shi, in na ɗan lokaci ne. Ba za mu bar gero ya tsallaka iyaka yaranmu na kwana da yunwa ba. Gadar kuma maganar tsaro ce.

Injiniya_Arlit: Maganar tsaro. Malam ka lura kalmar da Amurka ta faɗa kan ƙarfe ita ka maimaita?

Sawaba227: Ku dai kuna ɓata lokaci. Duk waɗannan kotunan na Turawa ne. Ga Orano, kamfanin Faransa, can ta kai mu ƙara kan yuraniyom ɗinmu, ƙasarmu, dutsenmu. Mun fita CEDEAO, sauran ma a fita.

Metir_Yamai: Ƙanena kar a haɗa. Ta Orano a CIRDI take, cibiyar sasanci ta Bankin Duniya, inda kamfani ke kai gwamnati. Can hukuncin kuɗi ne, kuma wanda ya ci na iya bin kadarorin ƙasa a waje ya nemi a riƙe su. Haƙoranta sun fi na OMC nesa ba kusa ba. Ita OMC shugabarta ma 'yar Najeriya ce, Ngozi Okonjo-Iweala, tun 2021, ko da yake ba ta da ikon naɗa alƙali ko ɗaya, sai duk mambobi 166 sun yarda. Fita kuma ba ta hana a bi ka bashi.

Admin_Zaure: Jama'a a kiyaye, kar mu koma siyasa. Tambayar Alhaji ita ce wa ke tilasta bin hukunci.

Tsohon_Duwan: Ni na ga inda aka bi ba tare da sanda ba. Tsibirin Lete. Mu da Benin mun yi ta ja-in-ja a kansa tun farkon 'yancin kai. Ƙasashen biyu suka yarda da kansu suka kai kotun duniya ta Lahai, a Yuli 2005 ta ba Nijar Lete, cikin tsibirai 25 muka samu 16 su 9. Benin ta karɓa. Najeriya ma da duk girmanta ta miƙa Bakasi ga Kamaru a 2008. Ba jandarman da ya je. Abin da na lura, inda mutum ya kai kansa gaban alƙali da ƙafarsa, ya fi jin nauyin bin abin da aka yanke.

Direba_Kwanni: Baba tsibiri sau ɗaya ake yanke shi. Kasuwa kullum ake ci, kullum akwai sabon dalilin cuta.

Ɗalibi_Tattali: Kan gyara kuwa, ba a zauna haka nan ba. A 2020 Turai, Sin, Burazil, Kanada da wasu suka kafa wata hanyar wucin gadi, MPIA, suka yi alƙawarin a tsakaninsu ba mai jefa ƙara a rijiya, masu sasanci za su saurari ɗaukakar. Benin na ciki. Shari'ar farko da ta yanke a 2022 kan soyayyen dankali mai ƙanƙara ce tsakanin Turai da Kolombiya. Amurka da Indiya ba sa ciki. A taron ministoci na Yuni 2022 aka yi alƙawarin gyara tsarin duka kafin 2024 ta wuce, aka je Abu Dabi a 2024 aka tashi hannu rabbana. Ƙasashe sama da 120 sun sha kawo takardar a fara naɗa alƙalai, Amurka na cewa a'a. Turai ita ta gyara dokarta a 2021, duk wanda ya jefa mata ƙara a rijiya za ta rama ba jira.

Hajiya_Kanti: Kun ji ko. Mai ƙarfi ya samo wa kansa mafita. Mu fa?

Metir_Yamai: Ƙasashen Afirka sun kawo tasu shawarar tun 2002 Hajiya. Cewa suka yi in ƙaramar ƙasa ta ci, a biya ta diyya da kuɗi, ko a yarda ƙasashe su taru su rama mata tare. Ba a karɓa ba. Ni a ganina ko gobe aka cika kujeru 7 ɗin, in ba a taɓa wannan ba, mu dai muna inda muke.

MaiAlbasa_Galmi: Metir wannan ta biyun ai ita ce ta tasharmu! In dillali ya ci kuɗin baƙo, ba baƙon ke ramawa ba, duk tasha ke juya masa baya har sai ya biya. Ashe mun riga su.

Injiniya_Arlit: Alhaji a tasharku akwai dillalin da shi kaɗai ke sayen kaso mafi tsoka na kayan? In akwai, ranar da ya ci kuɗin baƙo za ku juya masa baya?

MaiAlbasa_Galmi: Hmm. Akwai wani mai kamiyo da yawa da ba a cika son a ja da shi ba. Shi nasa a ɗaki ake gama shi bayan isha'i, a ba baƙo wani abu ya yi haƙuri.

Direba_Kwanni: Burazil ke nan 😂

Transitaire_Gaya: Metir tambaya. ZLECAf ita ma ba ta da kotu? Kuma in ɗan kasuwar Abijan ya riƙe mini kuɗi ina zan nufa?

Metir_Yamai: Tana da tsarin sasanta rikici, an kwafo shi kusan layi-layi daga na OMC, har da ɗaukaka ƙara, kuma shi ma gwamnatoci ne kawai ke shiga. Naka da ɗan kasuwar Abijan na OHADA ne, tsarin dokar kasuwanci ta bai ɗaya, ƙasashe 17 har da mu. Babbar kotunta a Abijan ɗin take, hukuncinta kuma ana zartar da shi a duk ƙasashen. Amma sai da takarda. In da baki kuka yi cinikin a waya, ka fara neman mai gidan da ya haɗa ku.

Transitaire_Gaya: Da baki ne wallahi. Sai saƙon murya na WhatsApp.

Metir_Yamai: Kar ka goge su. Biyo ni ta gefe.

Malam_Keita: Ni dai har yanzu ba a amsa mini ba. In an farfaɗo da kotun ta ce wa ƙasa irin tamu dole ki sayar da ɗanyen ma'adini, mu bi ko kar mu bi? Injiniya kai nake jira.

Injiniya_Arlit: Malam ina bakin aiki, zan dawo maka da dare in netuwok ta bari.

'YarMadawa: Alhaji kafin a watse, nawa buhu yau a Galmi? Ina da mai so a Yamai.